Magajin Garin Kuritiba

Kowane babban birni yana da shugaba mai kula da al'amuransa. A ƙasashe da yawa ana kiran wannan shugaba magajin gari. Shi ne mai lura da hanyoyi da kasuwanni da kwashe shara. Amma babban aikinsa shi ne ya yi tunanin yadda birnin zai zama nan gaba, sa'ad da yaran yau suka girma suka yi iyali.

A kudancin ƙasar Birazil akwai wani birni sunansa Kuritiba. A shekarar 1970 mutanensa kamar dubu 600 ne, kullum kuwa baƙi sai kwararowa suke yi daga ƙauyuka. A shekarar 1971 aka naɗa wani mai zanen gine-gine, Jaime Lerner, ya zama magajin gari. Ya ga in aka bar birnin ya bazu yadda ya ga dama, to, wata rana motoci za su toshe hanyoyi, talaka ya rasa yadda zai je wurin aiki. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A shekarar 1972 ya hana motoci bin wani babban titin kasuwa a tsakiyar gari, aka mayar da shi na masu tafiya a ƙasa cikin kwana 3. 'Yan kasuwa suka fusata, suna tsoron ciniki zai mutu. Masu motoci kuma suka shirya su ratsa titin da ƙarfi. Da suka iso sai suka tarar da yara zaune a tsakiyar titi suna zane a kan takardu, tilas suka juya. Ba a daɗe ba ciniki ya ƙaru, har 'yan kasuwan suka roƙa a ƙara tsawon wurin.

Sa'an nan ya juya kan sufuri. Manyan birane sukan haƙa hanyar jirgi a ƙarƙashin ƙasa, amma wannan yana cin kuɗi da yawa, Kuritiba kuwa ba ta da su. Saboda haka a shekarar 1974 aka keɓe wa motocin bas hanyarsu ta kansu a tsakiyar manyan tituna, ba mai shiga gabansu. Aka ba da izinin gina dogayen benaye a gefen waɗannan tituna, don mutane su zauna kusa da tasha. Da haka birnin ya riƙa girma yana bin hanyar bas.

Wuraren da ruwa yakan yi ambaliya ba a bari an gina gidaje ba. An mai da su filayen shan iska masu itatuwa da tafkuna, in an yi ruwa mai yawa sai ya taru a can. A unguwannin talakawa kuma, inda motar shara ba ta iya shiga, mutane sukan kawo shara a ba su abinci a madadinta.

Lerner ya yi magajin gari sau 3, daga baya ya zama gwamnan jiharsu, ya rasu a shekarar 2021. Mutanen Kuritiba sun kusa ninka uku, duk da haka bas ɗin suna ɗaukarsu. Birane da yawa sun kwaikwayi wannan dabara, har da Ikko, wadda ta buɗe irin wannan hanyar bas a shekarar 2008.

Tambayoyi

1. Mene ne babban aikin magajin gari?
2. Don me 'yan kasuwa suka fusata a shekarar 1972?
3. Me ya sa ba a haƙa hanyar jirgi a Kuritiba ba?
4. Wane abu ne garinku zai fi bukata sa'ad da kuka girma?