Zara da Gamzaki

In dare ya yi, sama ta yi garau, mutum ya ɗaga kai, sai ya ga taurari birjik, kamar an watsa gero a tabarma. Ga ido duk ɗaya suke, amma ba ɗaya ba ne. Yawancinsu kowanne rana ce irin tamu, mai wutar kanta, nisa ne ya mai da ita 'yar mitsitsiya. Hasken rana minti 8 yake yi a hanya kafin ya iso duniya, amma na tauraron da ya fi kusa, bayan rana, sai ya haura shekara 4.

Akwai kuma waɗansu 'yan kaɗan da ba su da wuta. Duniyoyi ne masu kewaya rana kamar tamu, hasken rana suke ara. Biyar daga cikinsu ana ganinsu da ido. Yaro mai lura ba zai sha wuyar rarrabe su ba: tauraro yana ƙyafta ido, su kuwa haskensu tsaye yake kamar fitila a ɗaki.

Wadda ta fi su haske ita ce Zara, matar wata. Da almuru akan gan ta yamma, tun sauran taurari ba su fito ba. Da asuba kuma akan ga Gamzaki gabas, yana gaban rana. To, abin mamaki, Zara ita ce Gamzaki! Ta fi mu kusa da rana, tana kewaye ta cikin kwana 225, saboda haka ba ta yin nisa da ita. Takan yi wajen wata 8 tana bin bayan rana da maraice, sa'an nan ta ɓace 'yan kwanaki, ta ɓullo gabas da asuba. Shi ya sa ba a ganin su biyun dare guda. A shekarar 1610 wani masani na ƙasar Italiya, Galileo, ya dube ta da madubin hangen nesa, ya ga tana cika tana raguwa kamar wata.

Wanda ke son ya tabbata da kansa, sai ya nemi fili inda babu fitila, ya tsaya wuri ɗaya kowace magariba, ya auna Zara da kan wata bishiya. Bayan mako 4 ya duba ko tana nan inda ya bar ta.