Murjanina Ya Yi Fari Bayan Na Sauya Fitila

Tambaya: Ina da tankin ruwan gishiri mai tsawon santimita 90 da zurfin santimita 45, wata takwas ke nan da kafa shi. Murjanin da ke ciki suna raye da tsohuwar fitila, sai dai launinsu ya koma ruwan ƙasa. Na tara kuɗi na sayi sabuwar fitilar LED mai ƙarfi, na ƙure ta. Cikin mako biyu na sama suka yi fari fat, na ƙasa kuma suka takure. Fitilar ce jabu, ko ni na yi kuskure?

Amsa: Malam, kafin ka ƙarasa karanta wannan shafi, tashi ka rage ƙarfin fitilar nan zuwa kashi 30 ko 40 cikin ɗari, waɗanda suka yi fari kuma ka sauko da su gindin tanki inda inuwar dutse take. In ka dawo sai mu yi bayani. Ban ga alamar jabu a fitilarka ba. Ƙarfinta ne ya faɗo wa dabbobin nan rana ɗaya.

Na ce dabbobi, don murjani dabba ce, ko da yake a ido kamar fure yake. A cikin naman jikinsa akwai wata gansakuka mai ƙanƙantar da ido ba ya gani, masana na kiranta zozantela. Ita ce take karɓar haske ta haɗa sukari kamar yadda ganyen itace yake yi, ta ciyar da mai masaukinta, har a wasu nau'o'in kusan kashi 90 cikin ɗari na abincinsu daga wurinta yake fitowa. Ashe fitilar tanki tukunyar abinci ce. Idan haske ya yi kaɗan, murjani yakan ƙara yawan gansakukar a jikinsa don ya kama ɗan abin da ke akwai, shi ya sa naka suka koma ruwan ƙasa. Idan kuma haske ya yi yawa kwatsam, gansakukar takan yi aiki fiye da kima har ta riƙa fitar da sinadarai masu cutar da naman, sai murjanin ya kore ta, ya rage fari, ƙashinsa na alli yana haskowa ta cikin fata. Irin wannan farin ne ya afka wa babban tudun murjani na gaɓar Ostireliya a 2016 da 2017, inda zafin ruwa ya haɗu da zafin rana. Duk wanda ya taɓa ciro dashen tumatir daga inuwa ya kafa shi da tsakar rana ya san yadda abin yake.

Af, jan murjanin da iyayenmu mata suke saƙalawa a wuya wani iri ne daban. Daga Bahar Rum ake ciro shi, a cikin kogunan dutse da wurare masu duhu yake tsirowa, kuma ba shi da wannan gansakuka, saboda haka ba ruwansa da haske. Naka 'yan uwan na Bahar Maliya ne, irin waɗanda ke gaɓar Jidda da tsibirin Sanganeb kusa da Port Sudan.

To, da me ake zaɓen fitila? Mai shago zai gaya maka wat nawa ce, ko lumen nawa take bayarwa. Wat wutar da take ci ne. Lumen kuwa awon idon ɗan Adam ne, kuma idonmu ya fi ganin kore da ɗorawa, launukan da gansakukar murjani ba ta cika amfana da su ba. Awon da ya shafe ka shi ne wanda masu wannan sana'a ke kira PAR, wato yawan hasken da ake iya haɗa abinci da shi wanda yake isa wani wuri a cikin ruwa. Murjani masu taushi, irin masu kama da lema da masu kama da fata, lamba 50 zuwa 150 ta ishe su. Masu ƙashi da kaurin nama suna son wajen 75 zuwa 150. Masu rassa kamar ƙahon barewa, musamman Acropora, su ne masu cin haske, 200 zuwa 350. Ka ga ke nan tambayar farko ita ce wane iri kake kiwo, kuma a wane zurfi zai zauna. Fitila ɗaya tana iya ba da 400 a saman dutse, ta ba da 80 a kan yashi a kusurwa.

Ido ba ya iya ƙiyasta wannan lamba, musamman a ƙarƙashin shuɗin haske, wanda yake yi mana kamar duhu-duhu alhali yana da ƙarfi ƙwarai. Nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami: su ga tanki bai yi haske ba, su ƙara. Na'urar awon PAR, irin ta kamfanin Apogee, tana da tsada, kuma ba sai ka mallake ta ba. Ka ara ko ka yi haya na yini ɗaya, ka auna wuri goma a tankin, ka zana taswirarsa a takarda ka ajiye. A ganina wannan yini guda ya fi duk wani ƙarin kuɗi da za ka zuba a kan fitila mai tsada.

Batun launi kuma, teku ne ya tsara shi. Ruwa yana shanye jan haske cikin 'yan mitocin farko, shuɗi ne ke kaiwa zurfi, gansakukar kuma ta fi kama hasken da ke wajen nanomita 440 zuwa 460. Don haka shuɗi ya rinjayi fari a fitilarka, ja da kore a bar su ƙasa-ƙasa. In da kelbin aka rubuta launin hasken a kwali, nemi tsakanin 14,000 da 20,000.

Fitilun kansu iri uku ne. Ta halayid, mai wat 250 ko 400, tana raya murjani sosai, amma tana dafa ruwa tana cin wuta, kuma ga wanda ke zaune inda bazara ke kai ɗaki digiri 35, ban ba shi shawararta ba, tunda ruwan tanki tsakanin digiri 24 da 26 ake so ya tsaya. Dogayen ƙwayaye na T5 suna shimfiɗa haske daidai ko'ina babu inuwa, sai dai a sauya su kusan duk shekara ko da suna kamawa, don ƙarfinsu yana raguwa ba tare da ka lura ba. LED da ka saya ba ta da zafi sosai, ba ta cin wuta, ana kuma iya rage ta a ƙara. Aibinta shi ne tana tara haske a ƙarƙashinta ta bar gefe. Tanki mai tsawon santimita 90 ya fi jin daɗin matsakaitan fitilu biyu a rabin ƙarfinsu a kan babba guda ɗaya a ƙure. In ɗaya gare ka, ɗaga ta santimita 25 zuwa 30 sama da ruwa don hasken ya bazu.

Daga kashi 30 ko 40 ɗin nan, ka riƙa ƙara kashi 5 duk mako, kana duban dabbobin. Ranar da ka ga wani ya fara kodewa ko ya ƙi buɗewa, tsaya nan. Awa 8 zuwa 10 a yini sun isa, a lokaci guda kullum, da agogon da ke kunnawa da kashewa da kansa. In ka samu saitin da suka karɓa, cire hannunka. Yawan taɓa maɓalli a waya duk dare yana wahalar da su fiye da saitin da bai cika daidai ba. Ka riƙa goge gishirin da ke bushewa a murfin gilashi, yana tare haske. Kuma in an ɗauke wuta, famfon da ke juya ruwa za ka fara ba inbata. Murjani yana jure duhun kwana biyu ko uku, amma ruwan da ya tsaya cik yana iya kashe tanki cikin dare ɗaya.

Ka kuma gwada nitiret da fosfet na ruwanka, domin yawansu ma yana mai da murjani ruwan ƙasa, ta yiwu tsohuwar fitilar ba ita kaɗai ce da laifi ba.

Waɗanda suka yi fari, duba su da tocila da daddare. In har akwai nama a kan ƙashin kuma ƙananan bakunansu suna leƙowa, suna da rai. Ka ba su abincin murjani kaɗan sau biyu a mako, tunda mai dafa musu ta tafi, launin zai iya dawowa cikin wata biyu zuwa uku. Wanda koriyar gansakuka ta lulluɓe ƙashinsa ya riga ya mutu. In wani reshe nasa yana da sauran nama, karye shi ka manna a dutse a ƙasa, sauran ka fitar.