Yadda Ake Tayar da Injin Ban-Ruwa Bayan Damina

Damina ta wuce, kaka ta shigo. Manoman rani na Kiyako da sauran fadamun Birnin Kudu da Gwaram sun fara gyaran fangali. Yanzu ne ake fito da injin ban-ruwa daga ɗaki. Sau da yawa injin da ya yi wata 5 a ajiye yakan ƙi tashi. Ga dashen tumatir da albasa na jiran ruwa. Kwana 2 ko 3 ba ruwa, sai dashe ya ƙone.

Yawanci injin bai lalace ba. Abu uku yake bukata kafin ya tashi: mai, wuta da iska. Manomi ya duba su bi da bi kafin ya nemi bakanike.

Da farko, baƙin mai

Kada a ja igiya sai an duba baƙin mai. A ajiye inji a wuri mai daidai, a buɗe murfin. Idan man ya yi baƙi ƙirin, a juye shi a zuba sabo. Wasu injuna ba sa tashi sam idan baƙin mai ya yi ƙasa.

1. Mai

Tsohon fetur shi ne babban mai laifi. Idan ya daɗe a tanki yakan yi tsami, ya bar danƙo. Danƙon nan ne ke toshe ƙaramin ramin da mai ke bi a cikin kafireto. A juye tsohon man duka. A kwance noti na ƙasan kafireto, a wanke kofin da sabon fetur. A hura ramin, kada a tsokale shi da allura, domin zai buɗe ya riƙa shan mai.

2. Wuta

A kwance fulogi. Idan ya yi baƙi ko ya jiƙe, a goge shi. A mayar da shi kan wayarsa, a jingina shi a jikin ƙarfen inji, a ja igiya. Tartsatsi shuɗi alamar lafiya ne. Idan babu, a sake fulogi. Kada a yi wannan gwaji kusa da fetur.

3. Iska

A cire soson da ke tace iska. A wanke shi da ruwa da sabulu, ya bushe sarai, sannan a shafa masa baƙin mai kaɗan. A leƙa bakin salansa, domin zanzaro yakan yi gini a ciki. Ɓera kuma yakan ci waya.

Ranar tayarwa

A cika cikin famfo da ruwa tukuna. Famfon da ya yi gudu a bushe, robar da ke tare ruwa za ta ƙone. A buɗe makunnin mai, a sa cok, a ja igiya. Da ya tashi sai a mayar da cok. Idan yana gudu amma ruwa bai zo ba, to mesa tana shan iska. A ɗaure ta da kyau.

Idan igiya ta ƙi jawuwa, kada a yi mata ƙarfi. Wannan aikin bakanike ne.

Gargaɗi: kada a tayar da inji a cikin ɗaki. Hayaƙinsa yana kisa.

Ajiyar baɗi

Idan rani ya ƙare, a juye fetur daga tanki da kafireto. A zubar da ruwan famfo. A ɗiga ƙaramin cokali 1 na baƙin mai a ramin fulogi, a ja igiya a hankali. A ɗora inji a kan katako, a rufe shi. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku inji ke bukata?
2. Me tsohon fetur ke yi wa kafireto?
3. Don me ake cika famfo da ruwa kafin a tayar?