Darasi na 7: Rubuta Labarin Yini Guda a Baƙuwar Ƙasa

7.1 Gabatarwa

Labarin tafiya tsohon reshe ne na rubutun zube a Hausa. Tun kafin gasar ƙaga labarai ta 1933 an riga an rubuta labarin Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, wanda J. F. Schön ya ɗauka daga bakinsa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Abubakar Imam ya ziyarci Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano shi ma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama.

Wannan darasi ba zai ɗauki tafiya sukutum ba. Zai tsaya ne a kan yini guda, wato ranar da baƙo ya fita tare da masu masaukinsa, aka yi sayayya, aka ci abinci, aka zaga wuraren tarihi. Irin wannan insha'i shi aka fi bai wa 'yan makaranta, kuma shi ya fi lalacewa a hannunsu. Duk malamin da ya taɓa duba shi ya san kamanninsa: muka tashi, muka je, muka ci, muka gani, muka dawo. Sau da yawa ba a samun kuskuren nahawu a ciki, amma da an rufe littafin babu abin da ke saura a zuciyar mai karatu. Za mu ɗauki birnin Alƙahira na ƙasar Masar a matsayin misali. Guntayen labaran da ke ciki an shirya su ne musamman domin wannan darasi.

7.2 Matsayin mai masauki a cikin labarin

Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari. Fataken goro da ke zuwa Gwanja sun san haka, domin maigidan da ya sauke su shi ne yake adana musu kaya, ya haɗa su da dillalai, ya kuma tsaya musu idan rigima ta taso. Baƙon da ya yi yini guda a babban birni bai ga birnin ba. Abin da mai masaukinsa ya zaɓa ya nuna masa shi ya gani. Saboda haka mai masauki shi ne ƙashin bayan labarin, kuma marubucin da ya ambace shi a jumlar farko kawai ya mance da shi ya yar da abin da ya fi komai daraja a hannunsa. A duba wannan misali:

"Da gari ya waye mai masaukina ya aiki ɗansa da kwano wurin mai kura a bakin layi, ya sayo ful, wato wake mai faɗi da ake bari ya kwana a kan wuta cikin wata tukunyar ƙarfe mai siririn wuya. Uwargida ta zuba masa mai da lemon tsami, ta kawo gurasa da wani soyayyen abu mai kama da ƙosai. Da na gutsura sai na ga cikinsa kore shar. 'Ta'amiyya ke nan, Ustazu,' in ji maigidan, 'da ganye ake markaɗa waken.' Na ci biyar na janye hannu. Uwargida ta leƙo ta ce ashe girkinta bai yi mini ba. Na ci na shida."

Marubucin bai ce mutanen gidan suna da karamci ba. Ya bar ta'amiyya ta shida ta faɗa. Wannan shi ne bambancin bayyana hali ta hanyar aiki da bayyana shi ta hanyar yabo, kuma na farkon ya fi zama a zuciya.

A lura kuma da yadda aka yi amfani da kamantawa. Mai karatu bai san ta'amiyya ba, ya san ƙosai, don haka aka fara daga ƙosai. To amma ba a tsaya nan ba, an nuna inda kamar ta ƙare. Ɗalibin da ya rubuta cewa Misirawa ƙosai suke ci da safe ya yaudari mai karatu, wanda kuwa ya rubuta cewa abincinsu ba shi da daɗi bai ba da labarin abincin ba, labarin harshensa ya bayar.

Akwai kuma abubuwan da ido ba ya gani sai ɗan gari ya faɗa. Alal misali, Misirawa suna kiran gurasa aish, kalmar da asalin ma'anarta ita ce rayuwa. Gwamnati ce ke tallafa wa farashinta, kuma da aka ƙara kuɗin gurasar tallafi a watan Yunin 2024, daga ƙirshi 5 zuwa ƙirshi 20, shi ne ƙari na farko cikin fiye da shekara 30. Jumla ɗaya irin wannan daga bakin mai masauki takan buɗe wa mai karatu rayuwar ƙasa fiye da shafi guda na yabon gine-gine.

7.3 Kasuwa

Kasuwa ita ce wurin da ya fi ba marubuci abin faɗi, domin a nan ne ake da buƙata, ake da jayayya, ake kuma da sakamako. Ga misali na biyu:

"Bayan Azahar muka fito daga Masallacin Azhar, muka tsallaka titi zuwa dandalin Masallacin Husaini, muka faɗa lungunan Khan al-Khalili. Kafin mu shiga mai masaukina ya riƙe hannuna ya ce, 'Ustazu, abin da ka fi so shi za ka fi ƙin kallo. Ka bar mini magana.' Ni kuwa fitilar tagulla nake so in kai wa mahaifiyata, da mayafai biyu na ƙannena. Mai shagon ya ba mu kujeru, ya aika aka kawo shayi tun ba a ambaci kuɗi ba. Ya tambayi ƙasata, ya lissafo mini 'yan ƙwallonmu uku, sannan ya faɗi kuɗin fitilar. Mai masaukina ya yi dariya, ya juya ta ya duba gindinta, ya taya da sulusi. Mai shagon ya rantse ko kuɗin tagullar bai mayar ba. Muka miƙe. Ba mu yi taku goma ba ya kira mu, aka daidaita a ɗan sama da rabi. Da na miƙa kuɗin sai ya dafa ƙirji ya ce in bar su, kyauta ce. Mai masaukina ya ƙifta mini ido, na ajiye su a kan tebur, mai shagon ya ƙirga su tsaf."

Abu na farko da ɗalibi zai lura da shi shi ne zaɓe. Khan al-Khalili tana cike da shagunan zinariya da turare da kayan yaji, kuma mai yiwuwa baƙon ya shiga shago bakwai a ranar, amma ciniki ɗaya aka ba da labarinsa, aka bi shi daga zama har biya. Jero sunayen kayan da aka saya aikin mai rasit ne.

Na biyu, tsaraba tana kawo mutanen gida cikin labarin. Da aka ce fitilar ta mahaifiya ce, sai cinikin ya sami nauyi, mai karatu ya fara fatan a sallama.

Na uku shi ne maganar "bar su, kyauta ce". A al'adar Misirawa wannan ladabin baki ne, ba a nufin a tafi ba a biya ba. Har suna da wata magana da suke kira gayyatar masu jirgin ruwa, wato mutumin da ke tsakiyar kogi ya ce wa na bakin gaɓa ya zo a ci abinci, alhali ya san ba zai iso ba. Bahaushe ba baƙon irin wannan ba ne, domin ba kowace bisimilla ake wanke wa hannu ba. Abin koyi a nan shi ne marubucin bai tsaya yin dogon sharhi ba. Ƙiftawar ido da ƙirgar kuɗin sun wadatar.

Dangane da farashi, ana iya tambayar dalilin da ya sa ba a faɗi adadin kuɗin ba. Dalilin shi ne adadi yana tsufa da sauri. A watan Maris na 2024 darajar fam ɗin Masar ta faɗi daga kimanin 31 zuwa kusan 50 a kan dala ɗaya cikin yini guda. Idan lalle sai an faɗi kuɗi, to a haɗa da shekarar, ko a gwada shi da abin da mai karatu zai iya aunawa, kamar a ce kuɗin fitilar ya kai na cin abincin rana na mutum goma.

7.4 Wuraren tarihi

Nan ne ɗalibai suka fi zamewa, domin sukan cakuɗa abubuwa uku da ya wajaba a rarrabe: abin da marubuci ya gani da idonsa, da abin da aka faɗa masa, da abin da ya bincika ya tabbatar. Cewa Fatimawa ne suka aza harsashin Masallacin Azhar a 970, ko cewa Salahuddini ya fara gina Ƙal'a, wato sansanin da ke kan tudu a gabashin birnin, a 1176, ko cewa an fara masallacin Muhammadu Ali da ke cikinta a 1830, duk waɗannan tarihi ne da ake iya dubawa, kuma wajibi ne a duba kafin a rubuta. Abin da mai masauki ya ba da labari kuwa sai a jingina masa da "in ji shi" ko "ya ce". Idan ya nuna yamma daga katangar Ƙal'a ya ce daga nan ake hango dalolin Giza, amma a ranar ƙura ta rufe, to ƙurar za a rubuta.

Bayanin wuri ma yakan tsufa. A watan Afrilun 2021 an kwashe gawawwakin sarakunan tsohuwar Masar 22 daga gidan tarihi na dandalin Tahrir zuwa wani sabo a Fustat, a watan Nuwamban 2025 kuma aka buɗe babban gidan tarihi na kusa da dalolin Giza. Wanda ya kwafo bayaninsa daga tsohon littafi zai aika mai karatu inda babu abin da ya ambata.

Sai batun amana. Baƙo yakan ga abin da ba a yi niyyar nuna masa ba, kamar ƙuncin ɗaki, ko bashin da aka ci don a karrama shi, ko saɓanin miji da mata. Marubuci yana da 'yancin faɗin gaskiya game da cunkoso ko talaucin gari, amma sirrin gidan da ya ci gurasarsa ba nasa ba ne. A ganinmu, labarin da ya ƙayatar ta hanyar tona asirin mai masauki bai cancanci cikakken maki ba, komai kyan Hausarsa.

7.5 Sarrafa harshe

Shuɗaɗɗen lokaci na biyu, wato muka, suka, da ire-irensu, shi ke jan labari gaba, amma idan ya yi yawa a jere sai labarin ya koma ƙidaya. Ana karya shi da magana kai-tsaye, da lokaci mai ci wajen siffanta wuri, da kuma lokaci sabau wajen bayyana al'ada, kamar a ce "sukan sha shayi kafin ciniki". Baƙuwar kalma kamar ful ko ta'amiyya a rubuta ta bisa ƙa'idar rubutun Hausa, a bayyana ta sau ɗaya a inda ta fara fitowa. Inda kuwa Hausa take da kalmar, ita za a ɗauka: abin da Misirawa ke kira karkade zoɓo ne.

7.6 Koyar da darasin a aji

Malami zai tarar yawancin 'yan ajinsa ba su taɓa ƙetare iyaka ba. Idan ya ce a rubuta labarin ziyara a ƙasar waje, yaro ɗaya ko biyu za su yi alfahari, sauran kuma su ƙago ƙarya daga abin da suka gani a fim ko a waya. Gara ya faɗaɗa ma'anar baƙunci. Yaron Jibiya da ya yini a Maraɗi wurin kawunsa ya je ƙasar waje, yarinyar da ta bi gwaggonta kasuwar wani gari ranar cinta ita ma tana da mai masauki da ciniki da baƙon abinci. Kafin a fara rubutu, malami ya sa yara su ba juna labarin da baki, bibbiyu, mai sauraro ya riƙa tambaya: wa ya kai ka, me ya ce, me ka ci, da me ya yi kama, ta ina ya bambanta? Wajen ba da maki kuma a dubi ingancin lura, kada a dubi nisan tafiya.

Jinga

1. Koshari abinci ne da ake yawan ci a Alƙahira: shinkafa da makaroni da ɗan ƙaramin waken da ake kira adas, a zuba miyar tumatir da soyayyiyar albasa da ruwan tafarnuwa mai tsami. Rubuta sakin layi ɗaya da zai bayyana shi ga wanda bai taɓa ganinsa ba, ta hanyar kamanta shi da abincin da aka sani a yankinku, tare da nuna inda kamar ta ƙare.

2. Sake rubuta misali na biyu daga bakin mai masaukin, cikin kalmomin da ba su wuce 200 ba.

3. Shirya tsarin darasi na minti 40 don koyar da wannan insha'i a aji biyu na ƙaramar sakandare.