Amsoshin Tambayoyinku: Ilimin tattalin gida girki ne kawai?

Wata mai sauraronmu daga Zariya ta ce 'yarta ta samu gurbin karatun tattalin gida a jami'a. Shin akwai abin yi bayan an gama, ko girki ne kawai?

To Hajiya, girki yana ciki, amma ɗan ɓangare ne. A Amurka fannin ya kafu, a tarukan Lake Placid da aka fara a 1899, bisa jagorancin Ellen Richards, masaniyar sinadarai da ta yi suna wajen gwajin tsabtar ruwan sha. Kin ga daga kimiyya ya fito.

Ana koyon abinci mai gina jiki da hanyoyin adana shi, ɗinki, renon yara da tsara kuɗin gida. Wadda ta kammala tana iya koyarwa, ko aikin otal, ko ta ƙara ƙwarewa ta riƙa tsara abincin masu ciwon suga a asibiti. A nan arewa kuwa, inda tamowa ke addabar yara, wadda ta san yadda ake haɗa gero, gyaɗa da waken soya a yi kunun jinjiri ba za ta rasa masu nemanta ba.

Ki bar ta ta karanta, Hajiya.