Darasi na 9: Baƙin Man Babur, Ƙari Ba Juye Ba Ne

Babu mai koya wa mutumin Bacirawa hawan babur. Da shi kuke kai taki gona, da shi kuke ɗauko buhu daga kasuwar Dawanau, da shi ake kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Kun iya faci, kun iya wanke filogi, kun iya ɗaure sarƙa, ba sai mun tsaya a kansu ba. Abin da ya kawo mu yau baƙin mai ne, da wata ɗabi'a da ta ƙi barin mutanenmu: mai ya tsufa, maimakon a juye shi, sai a yi ta ƙara masa sabo. Ku rubuta wannan a saman takardarku: ƙari ba juye ba ne.

A wani gida

Da sassafe maigida ya fito da Boxer ɗinsa tsakar gida, ya zaro ma'aunin mai ya duba, ya ce da ɗansa, "Kai, ruga bakin titi ka auno mini mai rabin kwalba."

Uwargida tana bakin murhu tana suyar ƙosai. Ta ce, "Malam, ba shekaranjiya aka auno ba?"

"Ƙari zan yi. Ya ɗan sauka."

"To yaushe rabonka da juye?"

Ya sosa ƙeya. "Tun kafin girbin gero, ina ji."

Ta ajiye matsami ta tafa hannu. "Girbin gero! Ga shi har hunturu ya raba. Malam, dubi kaskon nan. In man suyata ya yi baƙi, ya cika da ƙonannen ƙullu, na tuttula masa sabo a kai, wane irin ƙosai zan kwashe? Ai ko yaran makarantar allo ba za su saya ba."

"Ke dai ki ji da ƙosanki. Me mace ta sani a harkar inji?"

"Na san kukansa. Kwana biyun nan in ka tayar da shi, kaf-kaf-kaf yake yi, har kaji suna watsewa."

Yaron ya ce, "Wallahi Baba, ni ma na ji."

"Rufe mini baki, sarkin ji!"

Da yamma sai ga maigida ya shigo yana ture babur, gumi har cikin ido, buhun masara yana can an bar shi ajiya a shagon wani a hanyar Katsina. Uwargida ba ta ce uffan ba. Ta kawo masa ruwa a kofi, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Yau kai ne ka goyo shi?"

Me ya faru a cikin injin?

Baƙin mai yana kwance ne a ƙasan inji. Akwai ɗan famfo da yake zuƙo shi ta cikin wata 'yar rariya ta waya, ya tura shi da ƙarfi ta ƙananan hanyoyi har zuwa kan inji, inda ƙarafa suke gugar juna. Wannan ƙarfin turawar shi muke nufi da ƙarfin mai. A irin baburanmu, man nan guda shi ke yi wa inji da giya da kuloci aiki, don haka garin ƙarfe da na kuloci duk cikinsa suke zuba. Ga kuma ƙurar hanyoyinmu. Idan mai ya daɗe, dattin ya taru ya toshe rariya, famfo ya kasa ja. Sai ka zaro ma'auni ka ga mai cike, alhali kan inji a bushe yake. Sabon man da ka ƙara bai fitar da datti ko ƙwaya ɗaya ba. Ƙari ba juye ba ne.

Duba yawan mai

Wannan kun saba. Kafa babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, a wuri mai daidai. Bar shi ya yi silo minti 2 ko 3, ka kashe, ka ɗan jira mai ya sauko. Zaro ma'auni, goge, mayar, sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin zanen sama da na ƙasa. Wasu baburan 'yar tagar gilashi gare su a gefe. Sannan ka murza man tsakanin yatsu biyu. In ka ji tsaki-tsaki, ko warin ƙuna, ko ya tsinke ya zama ruwa-ruwa, lokacin juye ya yi.

Duba ko mai yana hawa

Manyan babura suna da jar wuta mai hoton butar mai. Tana kamawa in an murɗa makulli, ta mutu da zarar inji ya tashi. In ta kama kana cikin tafiya, tsaya ka kashe nan take. Ƙananan baburanmu yawanci ba su da ita, saboda haka ranar juye ka ce wa bakanike ya buɗe murfin kan inji, ya tayar a silo kana tsaye. Za ka ga mai yana jiƙa ƙarafan yana fantsama. In minti 1 ya wuce wurin a bushe, a kashe, a duba rariya da famfo. Kada ka bar shi ya yi ta ba shi wuta wai don mai ya hau.

Yadda ake juye

A kwance noti na ƙasa inji yana da ɗumi, a bar tsohon mai ya tsiyaye duka. A ciro rariya a wanke. A zuba sabo na cikin galan mai hatimi, wanda aka rubuta 4T a jikinsa. Yawancin baburanmu 20W-50 suke sha, wajen lita 1. Littafin da ya zo da babur ya faɗi tsawon tafiyar da ake yi kafin juye, mai bin hanyar ƙura da kaya kuwa ya riga wannan lokacin. Tsohon man kada a zubar kusa da rijiya ko cikin gona.

Abin haushin shi ne, wanda zai ce ba shi da kuɗin lita 1, shi za ka gani a Ƙofar Ruwa yana cinikin fistin da ringi, ya sayar da akuyar matarsa. Ya dawo majalisa yana cewa baburan yanzu ba su da ƙarko, ko kuma wai baki ne ya kama shi. Babu wani baki. Wata uku yana ɗura man awo na kwalbar da bai san abin da ke cikinta ba. Ga maƙwabcinsa yana kallo, gobe shi ma zai aiki yaro da kwalba. In mai ya sauka kana kan hanya, ƙara ka isa gida, babu laifi. Amma ƙari ba juye ba ne.

Tambayoyi

1. Me ke tura mai zuwa kan inji?
2. Yaya ma'auni zai nuna mai cike, amma inji ya buga?
3. Me za ka yi in jar wuta ta kama kana tafiya?

Aiki

Samu ɗan littafi. Duk ranar juye, rubuta kwanan wata da lambar da ke kan mitar babur. Wanda ba shi da babur ya rubuta wa maƙwabcinsa, ya kawo mu gani a darasi mai zuwa.