Tafiya da keke cikin ƙasar Adar

1. Ƙasa iri uku

Afala gari ne na ƙasar Adar. Yana arewa da birnin Tawa. Mutanensa manoma ne da makiyaya. Suna noman hatsi da wake, suna kiwon awaki da tumaki da shanu. Ran Lahadi babbar kasuwar Tawa take ci. Wasu su tafi a mota, wasu a babur, wasu a amalanke, wasu kuwa a keke.

Keke ba ya shan mai, ba ya cin ciyawa. Ƙarfin mutum ne yake tura shi. Mai mota yana ganin hanya da ido, amma mai keke yana jin ta a ƙafafunsa. Saboda haka dole ne ya san ƙasar da zai bi.

A Adar ƙasa iri uku ce.

Ta farko ita ce jigawa. Ƙasa ce mai rairayi, inda ake shuka hatsi. Ta fi yawa wajen arewa da yamma. Idan rairayi ya yi zurfi, taya sai ta nutse. Mai keke ya sauka, ya tura.

Ta biyu ita ce dutse. A gabas da kudu maso gabashin Tawa akwai manyan tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai kamar faifai. Ana kiran wannan yanki Adar Dutse. Wasu tuddan sun kai wajen mita 700 bisa teku. Samansu fako ne da tsakuwa da marmara.

Ta uku ita ce kwari. Tsakanin tuddai akwai faffaɗan kwaruruka masu ƙasa mai albarka, kamar kwarin Kaita, da na Badagishiri, da na Majiya. Nan ake noman dawa da damana, a yi lambun albasa da rani.

2. Hanyoyi uku daga Tawa

Mai keken da ya fito daga Afala ya iso Tawa yana iya miƙa hanya ta fuska uku.

Hanyar arewa maso gabas tana zuwa Tabalak da Abalak da Agadas, har Arlit. An shimfiɗa ta tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon shekarun 1980, domin ɗauko ma'adinin uraniyom. Tsawonta ya wuce kilomita 600. Daga Tawa zuwa Tabalak wajen kilomita 50 ne. A Tabalak akwai babban tabki. Ana kamun kifi, ana lambu a bakinsa. Da ɗari tsuntsaye na zuwa can tun daga ƙasashen Turai. A shekara ta 2005 aka sa tabkin cikin jerin wuraren ruwa da duniya ta yarda a kiyaye su. Haɗarin wannan hanya shi ne manyan motoci. Mai keke ya riƙe hannun dama. Idan babbar mota ta taho, ya sauka gefe har ta wuce, don iskarta tana iya ka da shi.

Hanyar kudu tana ratsa kwarin Badagishiri, ta faɗa babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram a Tsarnawa, kusa da Birnin Ƙwanni.

Hanyar gabas tana bi ta Tamaske zuwa Kaita, wajen kilomita 70 daga Tawa. Ita ce hanyar hawa da gangara. Bayan farin shekarun 1973 da 1984, wannan yanki ya lalace ƙwarai. Itatuwa sun mutu, ruwa ya zaizaye gonaki. A shekara ta 1984 gwamnatin Nijar ta buɗe babban aikin gyaran ƙasa a Kaita, tare da taimakon ƙasar Italiya da hukumar abinci ta duniya, wato FAO. Mutanen ƙauyuka, galibinsu mata, suka jera duwatsu a kan fako, suka haƙa ramuka a jikin tuddai, suka dasa miliyoyin itatuwa. An kuma gina madatsun ruwa.

Wanda ya zarce kudu daga Kaita zai kai Buza da kwarin Majiya. Can ma, tun daga 1975, an dasa dogon yaro layi-layi cikin gonaki, tsakanin layi da layi wajen mita 100. Itatuwan suna karya ƙarfin iska, suna tsare shuka da ƙasa. Matafiyi kuma ya sami inuwa.

3. Hawa da gangara

Hawa yana da wuya, amma gangara ta fi haɗari.

Wajen hawa, mai keke yana ɗaga nauyinsa da na keke da na kaya gaba ɗaya. Ba a yin gaggawa. Idan numfashi ya fara sarƙewa, sai a sauka a tura. Ba abin kunya ba ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Wajen gangara, nauyin nan ne yake jan keke ƙasa, gudu yana ta ƙaruwa. Mai keke ya kama birki tun daga sama, kafin gudu ya yi yawa. Ya kama na baya da na gaba tare, a hankali. Wanda ya danne birkin gaba shi kaɗai da ƙarfi zai tuntsura ta kansa. A kan tsakuwa taya tana sulɓi, musamman wajen kwana. A gindin gangara kuwa sau da yawa akwai rairayin da ruwa ya tara. Wanda ya afka masa da gudu sai ya faɗi.

4. Ƙorama

Ruwan da ake samu wajen Tawa ba shi da yawa. A shekara bai cika wuce milimita 400 ba. Amma yana zuba da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Fako ba ya shan ruwa. Abin da ya sauka bisa tudu sai ya gangaro, ƙananan magudanai su haɗu, su cika ƙorama. Ƙoramar da take busasshiya da safe tana iya cika maƙil da la'asar, ko da ba a yi ɗigo ɗaya a wurin ba. Wannan ne ya sa jerin duwatsun Kaita suke da amfani: suna rage gudun ruwa, su ba shi lokaci ya shiga ƙasa.

Ga misali. Wata rana cikin watan Agusta wani yaro da kawunsa suna komowa daga kasuwa, kowa da kekensa. Sararin sama garau yake a kansu, amma can gabas, bisa tuddai, hadari ya yi baƙi. Da suka iso bakin ƙorama sai suka tarar da ruwa ja yana gudu, yana ɗauke da karmami da rassa.

Yaro ya ce: «Kawu, ai bai kai gwiwa ba. Mu ɗaga kekuna mu ƙetare.»

Kawu ya kafa ɗan itace daidai bakin ruwa, ya ce: «Zauna tukuna, ɗana. Mu ga abin da itacen nan zai gaya mana.»

Ba a daɗe ba ruwa ya rufe itacen.

Kawu ya ce: «Ka gani? Ƙaruwa yake yi. Ruwa mai gudu yana kwashe rairayin da ke ƙarƙashin ƙafa. Ba ka ganin rami, ba ka ganin dutse. Keke kuma sai ya zame maka kaya, ya ja ka.»

Yaro ya ce: «To, idan dare ya yi mana fa? Inna za ta damu.»

Kawu ya ce: «Gara ta damu yau, ta gan ka gobe.»

Suka koma ƙauyen da ke bayansu suka kwana. Da gari ya waye ruwa ya janye, sai laka. A tsakiyar ƙorama, daidai inda yaro ya so bi, ruwa ya haƙa rami wanda ya fi tsawon mutum.

5. Shirin tafiya

Mai hankali yana duba lokaci. Da bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafi yana wuce digiri 40. Sai a tashi da asuba, a huta a inuwa da tsakar rana. Da ɗari iska tana busowa daga arewa maso gabas. Mai zuwa Tabalak daga Tawa yana fama da ita, mai komowa kuwa tana tura shi. Da damana a dubi gabas kafin a tashi.

Kafin ya hau, mai keke ya gwada birki, ya taɓa tayoyi, ya sa wa sarƙa mai. Ya ɗauki ruwan sha isasshe, da famfo, da kayan faci, don ƙayar aduwa da tsidau ba su raga wa taya. Ya gaya wa mutanen gida inda za shi. Ya tambayi waɗanda suka fito daga can labarin hanya da lafiyarta. Matambayi ba ya ɓata.

A riƙe

A jigawa a tura. A gangara a kama birki tun daga sama. A bakin ƙorama mai gudu a jira.

Ma'anar kalmomi

Jigawa: ƙasa mai rairayi.
Fako: ƙasa mai tauri wadda ba ta shan ruwa.
Kwari: wuri mai zurfi tsakanin tuddai.
Zaizaya: yadda ruwa ko iska suke kwashe ƙasa.

Tambayoyi

1. Waɗanne irin ƙasa uku ne ake samu a Adar?
2. Don me gangara ta fi hawa haɗari?
3. Yaya ƙorama take cika alhali ba a yi ruwa a wurin ba?
4. Me ya sa kawu ya kafa itace a bakin ruwa?
5. Wane aiki aka fara a Kaita a shekara ta 1984?

Lissafi

Wani mai keke yana cin kilomita 10 a awa ɗaya. Ya tashi daga Tawa da ƙarfe 6 na safe, za shi Tabalak. Ya huta rabin awa a hanya. Ƙarfe nawa zai isa?

Aiki

Ku zana hanyar da ta tashi daga garinku zuwa kasuwa mafi kusa. Ku nuna inda rairayi yake, da inda ake hawa, da inda ƙorama ta ratsa. Ku rubuta sunayensu da Hausa da Faransanci.